Randar Kaka a Cikin Gilashi

Assalamu alaikum, masu bin wannan shafi. Wata baiwar Allah ta turo min saƙo ta ce, "Mama Hansatu, kullum sai ki ce Abujar da, Abujar da. Wai akwai wata Abuja ne bayan wannan?" Akwai mana, 'yata. Garin da kuke kira Suleja yanzu, shi ne Abuja a lokacin da nake budurwa. Wannan Abujar taku ta manyan tituna kuwa gonakinmu ce da dazuzzuka. Unguwar Gudu da kuke zuwa cefane, na san ta lokacin da awakinta suka fi mutanenta yawa. To ku gyara zama, yau labarin Dallatu kafinta zan ba ku. Allah ya jiƙansa.

Ni 'yar Sheda ce, Gbagyi gaba da baya. A shekarar da aka koma tuƙin mota ta hannun dama ina da shekara goma sha tara, ina zaune a Abuja gidan Kawu Enoch, ƙanen mahaifiyata, wanda yake masinja a En'e. Mu a gidanmu Musulmi ne, Kawu Kirista, kakata kuwa, uwar babana, tana nan kan abin da ta gada, kuma ba wanda ya taɓa ɗaga wa wani gira a kan haka. Ɗinki aka kawo ni koyo. Ina da baƙin keken hannu wanda nake ji da shi kamar ɗan fari.

Wata rana Kawu ya dawo daga aiki, ya jingine kekensa, tun bai cire hula ba ya ce, "Hansatu, na samo miki aiki. Gammo za ki ɗinka."

Na ce, "Gammo kuma, Kawu? Wa yake biyan tela ya ɗinka masa gammo?"

Ya ce, "Ke dai ki shirya da safe."

Ashe akwai wani Malam Maude, tsohon malamin makaranta ne dogo mai farin tabarau, wanda ya yi shekaru yana bin ƙauyuka yana roƙon tsofaffin kaya: randuna, tuluna, saƙin da, kwari da baka, ƙoren da aka yi wa zane. An ba shi wani dogon ɗaki mai rufin kwano kusa da ɗakin karatu ya zuba su. Yanzu ko tubalin ɗakin babu, kada ku je nema. Kayan suna zube a ƙasa da kan benci, ɓarna kuwa ta fara yi musu yawa. Akuya ta taɓa kutsawa ta fasa wani tulu. Asu ya mai da wani tsohon saƙi kamar rariya. Wani zane da ke kusa da taga rana ta cinye masa baƙinsa ya koma ruwan toka. Ga 'yan kallo, kowa ya shigo sai ya shafa. Shi ne Malam ya dage sai an yi wa kayan akwatunan gilashi, abin da masu aikin suke kira shogilas.

Randa kuwa kun san gindinta a zagaye yake, ba ta zama a kan katako sai da gammo. Nan aikina yake. Malam ya zaunar da ni ya yi min karatu kamar 'yar aji ɗaya.

"Alawayyo fari za ki yi amfani da shi, ki wanke shi har sitacin ya fita tas. Kada ki sa min mai launi, idan danshi ya taso rinin zai kama jikin tukunya. Auduga kuma gurzajjiya, kada in ga angurya ko ɗaya a ciki, ita ke kiran ɓera da ƙwari. Kin gane?"

"Na gane, Malam."

"To shiga ki auna gindin kowace."

Ranar ina sanye da atamfa ruwan ganye mai zanen ganga, ɗankwalinta na ɗaura shi ya ɗan karkace, ga takalmin roba fari da na goge da toka, ga kwalli na ja shi har gefen ido. Ba don kowa na yi ba, jama'a, ban san da kowa ba.

Ina shiga na hango wani a durƙushe ya ba ni baya, da singileti da wandon kaki, fensir a bayan kunne, garin katako ya yi masa furfura a ka. Ya rungume wata babbar randa yana zagaya ta da igiyar awo. Kallo ɗaya na yi mata na gane ta. Ga ƙadangarun nan suna bin juna a kafaɗarta, ga kifaye a ƙasa. A gindin randar nan na yi rarrafe. Ta Kaka ce. Na san Kawu ya roƙe ta ta bayar aro, har Baba ya yi fushi, amma ban zaci zan gan ta a hannun wani baƙo ba.

Ban san lokacin da na ce, "Kai malam, a hankali! Randar kakata ce."

Ya juyo. Baƙi ne, mai wushirya, irin mutanen nan da idonsu ke riga bakinsu dariya. Ya ce, "Ashe da mai ita a kusa. To ranki ya daɗe, zo ki riƙe min bakin igiyar nan, in ta fashe mu biyu za a kama."

Ni da na shigo da faɗa sai ga ni a durƙushe ina riƙe da igiya. Shi ne Dallatu.

Damina guda muka yi muna aiki a ɗakin nan. Ni a bakin taga da kekena, shi a baranda da zarto. Har gobe idan na ji ƙamshin katakon maɗaci sai in tuna daminar nan. Ruwa ya yi ta duka kwano har ba ka jin maganar na kusa da kai, mai dafaffiyar gyaɗa ta raɓe a baranda, Malam Maude yana can ƙurya yana rubuta sunayen kaya a kan 'yan katuna. Da Dallatu ya gama akwati sai ya sa ƙafafun akwatin a cikin gwangwanaye da baƙin mai saboda gara. Ni kuma in ɗinka ƙananan jakunkuna, wasu a cika su da gawayi ya tsotse danshi, wasu da kafur a ajiye wajen saƙi. Tagogin ma na yi musu labule mai kauri don rana.

Gilashin daga Kaduna aka kawo shi, a cikin akwatin katako da ciyawa. Da aka buɗe aka tarar babba ɗaya ya tsage a hanya. Malam ya riƙe kai ya ce, "Shi ke nan, ba mu da na canji. Wanda ya fasa wani sai dai ya shiga ya tsaya a wurin." Dallatu ne ya koya min ɗaukarsa, a tsaye ba a kwance ba, da tsumma a tafin hannu. Idan zai yanka sai ya ja masa layi da wani ɗan ƙarfe, ƙiii, ya ɗan danna, sai ka ji ƙas, ya rabu kamar an yi masa magana.

Ku 'yan yanzu kuna da waya, saurayi ya turo saƙo ki karanta ki ajiye. Mu namu saƙon ba ya kwana. Dallatu sai ya faki idon Malam, ya huro wa gilashi hucin bakinsa, ya rubuta da yatsa, "Kin yi kyau." Kafin in gama haɗa baƙaƙen ya fara gogewa da kansa. Wata rana ya rubuta, "Kin ci abinci?" Na zo wucewa da gammo na hura na rubuta, "A'a." Sai ga ƙosai a ganye. Ranar da ya rubuta, "Ina son ki," ban hura komai ba, na koma kan keke na ɗinke bakin gammon da ban zuba wa auduga ba.

Malam Maude kuwa ba yaro ba ne. Ya zo ya tsaya a kan Dallatu, wanda yake ta faman goge wurin, ya ce, "Dallatu, wannan gilashin ya fi 'yan uwansa shan guga. Ko akwai abin da yake damunsa ne?"

"Ƙura ce, Malam."

"Allah ya kawar da ƙura."

Randar Kaka ita ce ta ƙarshe, don ita ce babba. Akwatinta a tsakiyar ɗaki aka kafa shi, gilashi ta kowane gefe. Dallatu ya ɗaure gefen ƙarshe da ƙusoshi, ya bi duk bakin da danƙo don kada ko iska mai ƙura ta shiga. Malam ya ce daga yau ba mai buɗewa, gumin hannu ma cuta ne ga tsohon abu.

A makon ne abubuwa biyu suka faɗo tare. Malam ya kira Dallatu ya ce ya aika da sunansa Jos, za a koya masa aikin adana kayan tarihi sosai, shekara biyu, ya dawo ma'aikacin gwamnati. Shi kuma Dallatu ya sa babbar riga ya je ya durƙusa gaban Kawu Enoch a kan maganata. Kawu ya ce, "Ni riƙo nake yi, masu ita suna Sheda." Ya aika.

Ana gobe za a buɗe ɗakin, motar kasuwa ta sauke Baba. Ba shi kaɗai ba, har da Kaka, wai ta ce ko a kafaɗa sai an kawo ta. Sunan babana Yamusa, manomin doya ne, gajere kakkaura, ba ya dariya sai ta kama dole. Hausarsa ba ta raba mace da namiji, don haka idan ransa ya ɓaci sai ya koma yarenmu. Ranar ko ruwa bai gama sha ba ya koma yarenmu.

"Ɗinki na aiko ki koyo ko miji?"

Na sunkuyar da kai.

"Mutanen birni sun zo sun ɗauki randar uwata da muke shan ruwa a ciki. Yanzu kuma sun dawo. Yana da gona?"

"Kafinta ne, Baba."

"Katako za ki dafa?"

Kawu ya ce, "Yamusa, yaron kirki ne, kuma Jos za shi."

"Jos! To ka ji. Daga Sheda zuwa Abuja, daga Abuja zuwa Jos, daga Jos sai ina?"

Kaka tana zaune a tabarma. Tsohuwa ce 'yar ƙarama, kafaɗarta ɗaya ta fi ɗaya sauka saboda ɗaukar kaya, don mu matanmu a kafaɗa muke ɗauka ba a ka ba. Yanar ido ta rufe mata gani gaba ɗaya tun shekaru uku da suka wuce, shi ya sa ta daina ginin tukwane. Sai da suka yi shiru ta ce, "Ni randata na zo gani. Hansatu, tashi ki kai ni."

Muka kama hanya da hantsi, hannunta a kafaɗata, Baba yana biye da mu yana cin magani. Malam ba ya nan, ya tafi neman kujerun taro. Dallatu kaɗai ne yana share garin katako. Yana ganin mu ya yar da tsintsiya ya zube har ƙasa. Baba ya amsa gaisuwar da hanci.

Na kai Kaka tsakiyar ɗaki na ce, "Ga ta nan gabanki."

Ta saki kafaɗata ta miƙa hannu biyu, fuskarta ta washe kamar mai tarar ɗa. Sai tafinta ya bugi gilashi. Ta ja baya. Ta sake miƙawa a hankali, ta shafa sama, ta shafa ƙasa, ta bi gefe tana neman ƙofa.

"Mene ne wannan mai sanyi?"

"Gilashi ne, Kaka. Don kada ƙura ta taɓa ta, ko wani ya fasa."

"Tana ciki?"

"Tana ciki."

"Ku kuna ganin ta?"

"Muna gani."

Ta sauke hannuwanta ta goge su a zani. "To madalla," ta ce. "Mu tafi."

Wallahi jama'a, da ta yi faɗa da ya fi min sauƙi.

Dallatu ba ya jin yarenmu ko kalma ɗaya, amma ban fassara masa ba. Sai na ga ya nufi akwatin kayan aikinsa ya ɗauko sukundireba da wuƙa.

Na tare shi na ce ƙasa-ƙasa, "Ka haukace? Malam ya ce ba mai buɗewa. Danƙon ya fara kamawa, in gilashin ya tsage babu wani, gobe taro. Jos ɗinka fa?"

Ya ce, "Kawo tsumma."

Ya bi bakin danƙon da wuƙa a hankali, ya kwance ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya yana jefa su a aljihu. Gilashin ya fi ƙarfin mutum ɗaya, ni kuma ina riƙe da Kaka. Sai ya ɗaga kai ya dubi Baba.

"Baba, don Allah a kama min nan. A tsaye za a riƙe."

Na ce yau za a yi ta. Baba ya dube shi, ya dubi uwarsa. Sai ya naɗe hannun riga ya karɓi tsumman. Suka zare gilashin tare, suka ja baya da shi taku biyu, suka tsaya riƙe da shi kamar masu jiran a ɗauke su hoto.

Na kama hannun Kaka na ɗora a kan randar.

Ta bi bakinta da yatsu, ta sauko kafaɗa, ta bi ƙadangarun ɗaya-ɗaya tun daga kai har wutsiya. Ta ƙwanƙwasa cikinta da bayan yatsa, ta kara kunne, randar ta amsa, gumm. Sai ta yi dariya, irin wadda rabon da in ji tun idonta na gani.

"Lafiyarta ƙalau," ta ce. "Daga bakin rafi na ɗebo yumɓunta, ranar har na zame na faɗi. Uban Yamusa ya ce ta yi girma ba za ta gasu ba. Ga ta nan, shi kuma yana ina?"

Hannunta ya gangara ƙasa yana laluben wani abu, har ya tsaya a wani ɗan rami kusa da wutsiyar kifi, wanda ni duk zamana da randar na ɗauka ado ne.

"Yamusa, zo ka ji yatsanka. Kana rarrafe ka zo ka tsoma shi tun tana ɗanya. Na so in shafe, na fasa."

Baba ba shi da halin zuwa, hannunsa biyu suna kan gilashi. Ba shi da halin goge fuska kuma. Haka ya tsaya, hawaye na bin gemunsa, Dallatu ya kafa ido a rufin kwano kamar yana ƙirga ƙusoshi.

Kaka ta taɓa gammon da ke ƙasa ta ce, "Wa ya yi wannan?"

"Ni ce."

"Kin cika auduga a gefe ɗaya."

Ina juyawa don in ɓoye dariya na ga Malam Maude a bakin ƙofa, da kujera a kowane hannu. Ban san tun yaushe yake tsaye ba. Ya jira har Kaka ta gama don kanta, aka mayar da gilashin lafiya. Ya ajiye kujerun, ya cire hula ya gaishe ta, ya sa na tambaye ta shekarar da ta gina randar da rafin da ta ɗebo yumɓu, ya rubuta. Sannan ya ce, "Dallatu, same ni a baranda."

Ina jin su ta taga.

"Da ya fashe fa?"

"Na yi laifi, Malam."

"Ka yi laifi. Ba don ka buɗe ba, don ba ka jira ni ba. Da ka tambaye ni, da hannuna zan kama maka. Wannan aikin ba a yin sa da zafin zuciya. A Jos idan ka yi haka, ranar za ka dawo gida." Can ya ce, "Je ka sake danƙon. Kuma ka yi tunanin yadda za a yi wa na gaba ƙofa da makulli."

Da la'asar aka zauna a tsakar gidan Kawu, ƙarƙashin bishiyar mangwaro. Ni ina bayan labulen ɗaki, kunnena a waje. Baba ya yi magana da Hausa don Dallatu ya ji.

"Yaro, na ga hannunka, na ga zuciyarka. Ban ƙi ka ba. Amma a wurinmu ba a ɗaukar yarinya sai an yi wa ubansa noma. Ni na yi, ubana ya yi. Ruwa ya kusa ɗaukewa, za mu tara tsibin doya. Ka zo ka kama garma tare da samarin gidana, bana da baɗi, mu san ka, ka san mu. Hansatu kuma zai bi ni gida jibi."

Kawu ya ce, "Haba Yamusa, lokacin ne fa za shi Jos. Zamani ya canza."

Baba ya ce, "Doya bai canza ba."

Dallatu ya ce ya ji, ya gode.

Washegari aka buɗe ɗaki. An zo, an yi jawabi, an tafa. Mutane suka kewaye randar Kaka suna ta mamaki, wata mata ma ta kai goshi ta buga gilashin. Ni ban ga komai ba sosai. Na sa leshina fari na Sallah, amma ji nake kamar tsumma na ɗaura. Da taro ya watse na same shi a bayan ɗaki yana tattara guntayen katako.

Na ce, "Ka tafi Jos."

Bai ɗago ba. "Haka kika ce?"

"Haka na ce. Kai ba ka taɓa riƙe garma ba. Samarinmu za su yi maka dariya, hannunka zai fashe, ka kasa riƙe zarto."

"Malam ya ce idan ban je bana ba wani za a ba." Ya juya wani guntun maɗaci a hannunsa. "Innata kuma ta gama gaya wa unguwa ɗanta zai zama ma'aikaci. Ni kaɗai gare ta, Hansatu. Har akwatin tafiya ta saya min."

"To ka gani."

"Na gani."

'Yan uwana mata, kun san irin maganar nan da baki ke yi, zuciya tana bayansa tana zaginsa? Ita na yi. Na juya na tafi, ina jira ya kira sunana. Bai kira ba.

Muka koma Sheda a bayan motar kasuwa, kekena a cinyata na rufe shi da zani, Kaka tana gyangyaɗi a kafaɗata. Da muka wuce Dutsen Zuma na juya ina kallonsa har ya ɓace. A gida na koma surfe da ɗebo ruwa da kai abinci gona. Ruwanmu yanzu a wata sabuwar randa yake, wadda Baba ya ce ba ta sanyi. Ba wanda ya ƙara ambaton kafinta. Mahaifiyata kaɗai ce takan dube ni ta ce, "Ki ci abinci." Ranar da na san motar Jos ta tashi, na shiga bayan rumbu na yi kukana na fito na wanke fuska. Na ce shi ke nan, ni na ce ya tafi.

Ranar kasuwar da ta biyo baya, da rana tsaka, na raka Kaka bakin hanya wajen wata ƙawarta mai sayar da daddawa. Muna nan a inuwar ɗorawa sai motar Abuja ta tsaya, ƙura ta tashi, yaran mota suna ta sauke buhuna. Sai na ga an miƙo wata garma daga sama, sabuwa dal, ko baƙin maƙera bai goge ba. Wanda ya diro ya karɓe ta ya rasa yadda zai riƙe, ya saɓa a kafaɗa bakin yana kallon wuyansa. Samarin da ke zaune a gindin bishiya suka fashe da dariya.

Ni ban yi dariya ba. Ga wushiryar nan, ga fensir a bayan kunne, wai mutumin da ya zo noma.

Na buɗe baki zan kira shi, sai na ga ya koma ƙofar gaba ya buɗe, ya miƙa hannu. Wata mata ta sauko a hankali, doguwa, da babban mayafi ruwan ƙasa da takalmin fata, da laima a hannu. Kamarsu ɗaya da Dallatu, sai dai ita idonta ba ya dariya. Ta kakkaɓe mayafinta, ta dubi bukkokinmu, ta dubi samarin da ke dariya har suka yi tsit. Dallatu ya yi mata magana ƙasa-ƙasa ya nuna inda nake.

Ta tako har gabana. Ina tsaye ba takalmi, da tsohon zani ɗaurin ƙirji, dusar surfe har a gashin ido. Na durƙusa na ce, "Sannu da zuwa, Inna."

Ta dube ni tun daga ka har ƙafa, ta sake dawowa sama. Sannan ta ce, "Ke ce kika fi Jos?"

Sai na ji Kaka ta damƙi hannuna ta miƙe tsaye da kafaɗarta karkatacciya, ta juya fararen idanunta daidai inda muryar ta fito.

"Me ta ce?" ta tambaye ni da yarenmu. "Faɗa min duka, kada ki rage. Kuma abin da zan ce, haka za ki mayar mata."